Jami'o'in baƙar fata da aikin da ya rage a Chesapeake

A ƙarshen Disambar 2010, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, ta yanka wa jihohi 6 da birnin Washington iyakar ƙazantar da za su riƙa saka wa mashigin tekun Chesapeake. Aka ce a rage naitirojin da kashi 25 cikin 100, fosfaras da kashi 24, laka da kashi 20, kuma duk matakan da za su kai ga hakan su kankama kafin 2025 ta fita. Tun shekarar ba ta ƙarato ba masu tafiyar da shirin tsabtace mashigin suka amsa da bakinsu cewa ba za a kai ba, musamman a kan naitirojin. Dalilan da aka fi ambata su ne ƙarancin kuɗi, jan ƙafar jihar Pennsylvania, da ruwan sama da ya ƙaru. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika tsayawa a kansa ba. Irin aikin da ya rage yana buƙatar mutanen da shirin bai tara ba, alhali jami'o'in baƙar fata da za su iya fitar da su suna zaune a bakin ruwan fiye da shekara 100.

Sai an san yadda ruwan yake lalacewa maganar za ta zauna. Chesapeake ce mahaɗar ruwan kogi da na teku mafi girma a Amurka. Ƙasar da ruwanta ke gangarawa cikinta ta kai murabba'in kilomita 166,000, tun daga jihar New York, ta ratsa Pennsylvania, Maryland, Delaware, Virginia da West Virginia, kuma mutum sama da miliyan 18 ke zaune a kanta. Kogin Susquehanna kaɗai yana kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga. Naitirojin da fosfaras ɗin nan su ne dai abin da manomi ke saye a buhun takin zamani, kuma suna nan jingim a kashin kaji da na shanu da ruwan masai. A gona alheri ne. Idan suka yi yawa a ruwa, gansakuka ce ke samun abinci, ta yaɗu ta tare hasken rana daga ciyawar ƙarƙashin ruwa inda ƙananan kifaye da ƙaguwa ke fakewa. In ta mutu ta nutse, ruɓewarta ta shanye iskar oksijin, sai a wayi gari da wani yanki mai faɗi a tsakiyar mashigin wanda duk lokacin zafi ba abin da ke iya rayuwa a ƙasansa. Kawa, wadda a da take tace ruwan, kamu ba ƙaƙƙautawa da cututtuka sun mai da ita abin da bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na yawanta na asali ba.

Tun yarjejeniyar farko ta tsabtace mashigin a 1983, inda aka fi samun nasara shi ne matatun ruwan masai. Dalilin a bayyane yake. Matata tana da bututu ɗaya, da lasisi ɗaya, da shugaba ɗaya da za a iya kai shi kotu. Maryland ta sa wa gidaje haraji na musamman a 2004 don gyara matatunta, ta ninka shi a 2012. Matatar Blue Plains da ke Washington ta zama abin nuni a duniya. A 2016 EPA ta sanar cewa ɓangaren matatu ya cika alƙawarinsa na 2025, kusan shekara 10 kafin wa'adi.

Abin da ya rage ba shi da bututu ɗaya. Yana fitowa daga dubban gonaki, da rufin gidaje, da kwalta, da filayen ajiye motoci na coci-coci da kantuna. A 2023 kwamitin masana kimiyya na shirin ya fitar da wani dogon nazari da ya faɗi abin da mutane da yawa suka daɗe suna raɗa: matakan da ake ɗauka a kan wannan warwatsattsiyar ƙazanta ba sa rage ta yadda lissafin kwamfuta ya yi alkawari, kuma ya kamata a ƙara mai da hankali ga ruwa marar zurfi da ƙananan koguna, inda halittu suke kuma mutane ke gani da idonsu. Irin wannan aiki ba a yin sa da takardar umarni. Dole wani ya tsaya a ƙofar manomi ya shawo kansa ya bar 'yan mitoci na bakin rafi ba noma. Dole wani ya zauna da dattawan coci ya bayyana musu dalilin fasa wani sashe na filin motocinsu. Mutum kuwa yana buɗe ƙofa ne ga wanda ya yarda da shi.

A nan ne adadi ke ba da kunya. Da shirin Chesapeake ya ƙirga ma'aikatansa da na abokan aikinsa a 2016, waɗanda ba farar fata ba sun tsaya kusan kashi 14 cikin 100, a kujerun shugabanci kuma kusan kashi 9, a yankin da su ne wajen kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Shirin ya sa wa kansa burin kai wa kashi 25 da kashi 15 kafin 2025. Ƙidayar da ta biyo baya ta nuna motsi kaɗan ƙwarai. Kuma ba Chesapeake kaɗai ba ce. Binciken da Farfesa Dorceta Taylor ta fitar a 2014 ya gano cewa a manyan ƙungiyoyi da hukumomin muhalli na Amurka kason tsiraru bai haura kashi 16 ba.

Akwai masu cewa baƙar fata ne ba su da sha'awar harkar ruwa. Tarihin wurin ya ƙaryata su. Bayi da 'yantattu sun yi aikin jirage da kamun kawa a Chesapeake tun kafin yaƙin basasa. Frederick Douglass, shahararren ɗan gwagwarmayar hana bauta wanda aka haifa bawa a gundumar Talbot ta Maryland, ya koyi sana'ar toshe kafofin jirgin ruwa a Baltimore kafin ya tsere. Bayan an 'yanta bayi, kamun kawa na cikin 'yan sana'o'in da baƙin mutum zai shiga ya ci gashin kansa, kuma matan baƙar fata ne suka cika rumfunan ɓare kawa da ƙaguwa a garuruwa irin su Crisfield. Marigayi Vincent Leggett ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara wannan tarihi. Abin da ya raba jikokinsu da ruwan sananne ne: kawa ta ƙare, filayen bakin ruwa suka yi tsada suka fita daga hannun iyalai, dokokin wariya kuma sun daɗe suna hana baƙar fata yawancin wuraren iyo. Da aikin ruwa ya koma na masu digiri, sai aka riƙa ɗaukar ma'aikata daga makarantun da manyan hukumomin suka fito, ta hannun malaman da suka sani.

Jami'o'in da ake magana a kansu su ne waɗanda dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ta ware, wato waɗanda aka kafa kafin 1964 don ilmantar da baƙar fata lokacin da sauran suka rufe musu ƙofa. Sun kai kusan 100 a ƙasar, kuma Allah Ya sa da dama daga cikinsu suna kan kogunan Chesapeake. Bowie State, wadda aka kafa a 1865, tana kusa da kogin Patuxent. Morgan State da Coppin State suna cikin Baltimore. Howard da Jami'ar Gundumar Columbia suna Washington. Hampton da Norfolk State suna can kusa da bakin mashigin, Virginia State kuma tana kan kogin Appomattox.

Wadda ta fi nuna abin da nake nufi ita ce Jami'ar Maryland ta Gaɓar Gabas, UMES, da ke ƙaramin garin Princess Anne. Tana tsakiyar ƙasar kaji. Zirin Delmarva, ƙasar da ke gabashin mashigin, yana kiwon kaji kusan miliyan 600 a shekara, a dogayen ɗakuna masu manyan fankoki a gindi, kowanne na ɗaukar kaji dubbai. Idan aka kwashe kaji, sai a kankare kashin da ya cakuɗe da dusar katako a baza a gonakin masara da waken suya. Shekaru da yawa ana haka, har fosfaras ya cika ƙasar fiye da abin da shuka za ta iya sha. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa kuma yana kusa da sama, don haka kowace gona an zagaye ta da lambatu don kada ta jiƙe. Waɗannan lambatu, da tsalle ɗaya zai ƙetare da yawansu, su ne hanyar da fosfaras ke bi ya shiga kogin Manokin. Masu bincike na UMES tare da na ma'aikatar gona ta tarayya sun yi shekaru a gonar jami'ar suna auna ruwan lambatun nan, suna gwada shingen farar ƙasar jifsam da ke kama fosfaras kafin ya wuce. Ɗalibin da ya yi wannan aiki ya san warin wurin, ya san lokacin da manomi ke da sararin magana da lokacin da ba shi da shi, kuma sau da yawa wani nasa yana aiki a mayankar kajin da ke kusa. Ba a koyar da wannan a taron bita na kwana 2.

Morgan State ma tana da tashar bincike a bakin Patuxent, wadda ta karɓa a 2004, inda ake ƙyanƙyasar kawa ana neman irin da zai jure ruwa mai ƙarancin gishiri, kuma ana ci gaba da ƙidayar ƙaguwa da aka fara tun ƙarshen shekarun 1960. Hampton na da sashen kimiyyar teku da ya daɗe yana yaye ɗalibai.

To, ta yaya ake jawo waɗannan makarantu cikin aikin? Hanyar da ta fi yawa ita ce horon hutun bazara. A ɗauki ɗalibi wata 2 ko 3, a haɗa shi da wani masani, ya shiga kwalekwale ya ɗebi ruwa a kwalba, ya gabatar da sakamako a ƙarshe. Shirin C-StREAM na gamayyar cibiyoyin binciken Chesapeake yana yin haka, kuma yana biyan ɗalibai, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Harkar muhalli a Amurka ta daɗe tana tace mutane ta hanyar aikin sa-kai da horon da ba albashi, wanda sai ɗan da iyayensa za su biya masa haya da mota ke iya yi. Ɗaliban waɗannan jami'o'i da yawansu su ne na farko da suka shiga jami'a a gidansu, kuma suna fita da bashin karatu mai nauyi. Don haka ba na raina horon da ake biya. Amma shan ruwan tsuntsaye ne idan ba kujerar aiki a gabansa. Ɗalibi ya gama, ya tarar matakin gaba shi ne shekara guda a kan ɗan alawus, bayanta kwantiragin wata 9, alhali abokinsa da ya karanta kwamfuta ko aikin jinya ya riga ya fara biyan bashinsa. In ya bar fagen, ba rashin kishi ba ne.

Hanya ta biyu ta fi ɓata mini rai. Babbar jami'a ko babbar ƙungiya za ta rubuta takardar neman tallafi, ta tsara tambayoyin bincike, ta raba kasafi, sai ana saura 'yan kwanaki a rufe karɓa ta tuna cewa masu ba da kuɗin suna son ganin sunan jami'ar tsiraru. Sai a buga wa wani malami waya a nemi wasiƙar goyon baya, a ba shi ɗan kaso na "wayar da kan jama'a". Kamar wanda aka kira gayya ranar girbi ne, aka sallame shi da dami ɗaya, gonar kuwa ba ta taɓa zama tasa ba. Kuɗin gudanarwa da ke biyo kowane tallafi, wanda da shi ake gyara ɗakin gwaji a ɗauki akawu a sayi na'ura, yana zama ne a wurin wanda sunansa ke saman takarda. Shekara 10 ana haka, babbar ta ƙara girma, ƙaramar tana nan inda take, sannan a dawo a ce ba ta da ƙarfin jagorantar aiki.

Rashin ƙarfin nan kuwa da hannu aka gina shi. Dokar Morrill ta 1862 ta ba jihohi filaye su kafa jami'o'in noma da fasaha. Ta biyu, a 1890, ta ce jihar da ba za ta karɓi baƙar fata ba to ta kafa musu tasu daban. Jihohin suka kafa, suka kuma ƙi ciyar da su daidai. A Satumbar 2023 sakatarorin ilimi da na gona na tarayya suka rubuta wa gwamnoni 16, ciki har da na Maryland da Virginia, cewa tsakanin 1987 da 2020 an tauye wa irin waɗannan jami'o'i sama da dala biliyan 12. A Maryland, ƙarar da tsofaffin ɗalibai da magoya baya suka shigar a 2006 ta ɗauki shekara 15 kafin jihar ta amince a 2021 za ta biya jami'o'inta 4 na baƙar fata dala miliyan 577 cikin shekara 10. Duk jami'o'in baƙar fata a haɗe ba sa samun kashi 1 cikin 100 na kuɗin bincike da gwamnatin tarayya ke bai wa jami'o'i, yayin da Jami'ar Johns Hopkins, maƙwabciyar Morgan a Baltimore, take kashe sama da dala biliyan 3 a shekara ita kaɗai. A aikace, wannan yana nufin malami mai darussa 4 a zango, ba mataimaki, ofishin tallafi kuma mutum biyu ne ko uku. Yawancin tallafin gyaran koguna ma sai ka kashe naka a mayar maka, wani lokaci kuma a ce ka kawo kaso daga aljihunka.

An san tsarin da ya fi wannan, domin an gwada shi. Tun 2001 hukumar kula da teku da yanayi, NOAA, take ba da tallafi na shekara 5 ga cibiyoyin da jami'o'in tsiraru ke jagoranta da kansu. UMES ce ke riƙe da ta albarkatun teku, Howard ta kimiyyar yanayi, Florida A&M ta gaɓar teku. A nan manyan jami'o'i su ne abokan tafiya. Ɗalibi yana samun kuɗin karatu har digiri na biyu da na uku, yana yin wani ɓangare na bincikensa a ɗakin gwajin hukumar, kuma shekara 5 ta isa a ɗauki malami a gina masa wurin aiki. Wannan shi ne bambancin da ya kamata duk mai sa hannu a takardar fahimtar juna ya duba: sunan wa ke saman kwantiragin, kuma shekara nawa ne.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar "aikin muhalli" a matsayin na masanin kifi kawai. Yawancin guraben suna wani wuri. EPA ta yi gargaɗi a 2020 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan ruwan sha da na matatu za su isa ritaya cikin shekara 10. Baltimore ta ga abin da hakan ke haifarwa. Matatar Back River, wadda aka kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen sabunta ta, ta lalace har jihar Maryland ta karɓi ragamarta na ɗan lokaci a Maris 2022, kuma rahotannin bincike sun nuna ƙarancin ma'aikata da rashin kula da injuna. Nasarar da aka yi taƙama da ita a 2016 tana iya zubewa idan ba wanda zai gyara famfo.

Haka abin yake a kogin Anacostia da ya ratsa Washington, wanda unguwannin gabashinsa yawancinsu na baƙar fata ne, kuma su suka sha hayaƙin jujin Kenilworth da aka riƙa ƙonawa a fili har 1968. Manyan ramukan ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 2018 da 2023 an gina su ne don su tare kusan kashi 98 cikin 100 na ruwan masai da ke malala kogin idan an yi ruwa mai ƙarfi. Aikin injiniya ne mai ban sha'awa. Amma ruwan kwalta ana tare shi ne da ƙananan lambuna da ake haƙawa a gefen titi. Rami ne marar zurfi, a cika shi da yashi da taki, a dasa ciyayi masu jure jiƙa da fari, a yanka bakin kwalbati don ruwa ya shiga. Ranar buɗewa yana da kyau. Bayan damina biyu, ganye da leda da yashi sun toshe ƙofar, ruwa ya wuce ta gefe ya faɗa kwata kamar ba a yi komai ba, alhali a takarda har yanzu ana lissafa shi cikin abin da ke rage ƙazanta. Dubban irinsu na buƙatar mai dubawa, mai gyara, mai auna ko suna aiki, da ɗan kwangilar da zai ɗauke su aiki. Hukumar ruwan Washington na cikin waɗanda suka kafa takardar shaidar ƙwarewa a wannan sana'a a 2016. Gundumar Prince George's, inda Bowie State take, ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 a 2015 don gyara eka 2,000 na farko, da sharaɗin kaso mai tsoka na aikin ya tafi ga ƙananan kamfanonin yankin da na tsiraru. Irin wannan aiki ba ya ƙaura, kuma yana buƙatar injiniya da akawu da mai zanen taswira, ba masanin halittu kaɗai ba. Sassan injiniya da kasuwanci na Morgan da Howard suna da rawar takawa a nan fiye da yadda ake gayyatar su.

Adalci ne a faɗi iyakar wannan hujja. Giɓin naitirojin mafi girma yana Pennsylvania, a gundumomi irin su Lancaster, inda yawancin manoman farar fata ne, da yawa mabiya ɗarikun Kirista na Amish da Mennonite masu kiwon shanun madara. Jami'ar baƙar fata ba ta da wata ƙofa ta musamman a can. Amma darasin wurin ma ɗaya ne, domin abin da ya fi tasiri a Lancaster shi ne aiki ta hannun mutanen da manoman suka sani, har da kamfanonin da ke sayen madararsu.

Siyasa kuma ta juya. Kotun Ƙoli ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a Yunin 2023. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin rufe shirye-shiryen daidaita wakilci a hukumomin tarayya, EPA kuma ta rushe ofishinta na adalcin muhalli. A Satumbar 2025 ma'aikatar ilimi ta tsayar da tallafin kusan dala miliyan 350 da ke zuwa ga makarantun da ake ware su bisa yawan ɗaliban tsiraru, kamar masu yawan 'yan asalin Latin Amurka, sannan ta ƙara wa jami'o'in baƙar fata da kwalejojin 'yan asalin ƙasar kusan miliyan 500 na lokaci guda. Dalilin bambancin shi ne jami'o'in baƙar fata tarihin kafuwarsu ne ya ba su matsayinsu, kuma ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Wannan yana nufin hukumar ruwa ko gwamnatin gunduma na iya ƙulla aiki da UMES ko Bowie State a matsayin jami'ar da ke kusa da kogin kuma take da ƙwarewa a kansa, ba tare da ta dogara da shirin da aka soke ba. Kuɗin gyaran ruwan kwalta da na matatu yawancinsa daga jihohi da gundumomi da masu biyan kuɗin ruwa yake fitowa, don haka shawarar wanda za a ba aikin auna ruwan Manokin ko duba lambunan Anacostia na shekara 5 masu zuwa tana hannun gwamnatocin Maryland da Virginia da majalisun gundumomi.